Kada Ka Taɓa Komai, Ina Zuwa

Mijin yayata mutum ne da in ka miƙa masa jariri sai ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, amma in ka ajiye masa mataccen inji a gaba sai fuskarsa ta washe. Injiniya ake ce masa a unguwarmu, ko da yake shi bai taɓa kiran kansa haka ba. Ni kuwa tun ranar da ya fara zuwa neman Yaya nake tsokanarsa, don ni ce auta a gidanmu, ba wanda ya isa ya rufe mini baki. Ya zo da takalmi wari da wari, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa, bai lura ba sai da na nuna masa. Ya sunkuya ya dube su da kyau, ya ce ai dukansu suna aiki. Na koma ciki na ce wa Yaya in dai wannan ne zaɓinta, to Allah ya ba ta haƙuri.

Babansa mai gyaran rediyo ne, a ƙarƙashin teburin shagon ya girma yana tsintar ƙananan kusoshin da suka faɗi. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan ya faɗa wa kwamfuta lokacin da ta fara shiga ofisoshi, kuma a can ɗin ma ba ko'ina ya tsaya ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ɗan tsakanin nan, daga sa'ad da ka danna maɓalli zuwa sa'ad da kwamfuta ta gama farkawa. Ya sha faɗa mini, ko ban tambaya ba, cewa wadda ta riga ta tashi kowa zai iya gyara ta, tunda tana iya nuna inda ke mata ciwo. Wadda ta mace a hanyar tashi ita ce aiki. Wai da an kunna, zuciyar manhajar ce ke fara farkawa, abin da suke kira kanel, sai ta duba yawan ƙwaƙwalwar da ke cikin injin ta fara rabo, kowane sashe a ba shi wurin zamansa. In wani sashe ya nemi wuri aka rasa, shi ke nan, komai ya tsaya cik, sai baƙin allo da farin rubutu. Nakan ce masa ashe kwamfuta ma ta san rashin wurin kwana. Ba ya dariya, sai ya ce haka ne.

Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne a bakin titi, kantoci har rufi, cike da injinan da masu su suka fid da rai. Yadda yake farautar matsala abin kallo ne in kana da haƙurin kallo. Yakan bi hanyar tashin ya riƙa dasa alama, nan ya sa inji ya ce na iso, can gaba ya sake sa wata, sai ya kunna ya ga wace alama ce ta ƙarshe da ta fito. Tsakanin wadda ta fito da wadda ba ta fito ba, nan gawar take. Sai ya ƙara matse tsakanin, ya sake kunnawa, ya sake matsewa, yini guda yana abu ɗaya, shayinsa ya huce ƙuda ya faɗa ciki bai sani ba.

A kan irin wannan matsalar suka haɗu da Yaya. Ita a makaranta ta karanci abin, tana kuma koyar da shi a wata kwaleji. Ta kai masa kwamfutar ofishinsu da ta ƙi tashi, ya ce ƙarfen ne ya lalace, ta ce a'a, rubutun ciki ne. Suka yi ta musu har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Ita ce da gaskiya. Ya bi ta har bakin titi yana cewa Malama ki nuna mini yadda kika gane, kuma a ganina bin da bai daina ba ke nan har aka yi auren. Sunan ma bai canza ba, Malama ya ci gaba da ce mata a cikin gida. Allah bai ba su haihuwa ba. Masu dogon baki sukan ce ai kwamfutoci ne 'ya'yansu, Yaya kuwa ta tsani wannan magana, duk wanda ya faɗa a gabanta sai ta wanke shi tas.

Unguwarmu a kan tudu take, ruwan gari ba ya hawowa. Mutane suka haɗa ƙarfi aka haƙa rijiya mai zurfi, aka ɗora babban tanki a kan ƙarafa, aka gina ɗan ɗaki a gindinsa aka sa injinan famfo biyu, aka ja bututu gida-gida. Matsalar ita ce wuta. Ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi, kuma in ta zo dole a tada injinan bi da bi, a buɗe wannan a rufe wancan, in ba haka ba su ƙone. Mai gadin wurin ya ƙona ɗaya tun ba a je ko'ina ba. Sai Yaya da mijinta suka ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya yar, suka ce ita za ta riƙe wannan aikin: da an kawo wuta ta tashi da kanta, ta tada injinan, ta tura ruwa sama.

Ba su cika zama ɗaki ɗaya a kan aikin ba. Ita takan yi rubutunta da sassafe kafin ta tafi kwaleji, shi kuma ya ɗauka ya kai ɗakin famfo ya gwada da rana. Injiniya kuwa yana da hali guda: in abu ya ƙi, ba ya iya naɗe hannu ya jira, sai ya taɓa nan ya canza can, kafin ta dawo ya dagula komai, ta rasa wanne ne laifin asali wanne ne nasa. Da ta gaji da faɗa, sai ta koma yi masa magana ta cikin injin. Duk inda ta san abu zai iya tsayawa, maimakon ta bar irin saƙon nan na masu ƙera inji da ko gaisuwa babu, sai ta rubuta masa nata. Ya kunna, abu ya maƙale, sai allo ya ce, “Injiniya, ka manta wayar famfo na biyu.” Ko kuma, “Ba laifina ba ne, duba fis.” Akwai wanda ya ce masa ya je ya ci abinci tukuna. Wannan na gan shi da idona, na yi dariya har na riƙe ciki, shi kuwa ya tashi sumui-sumui ya tafi cin abincin.

Irin waɗannan saƙonni ba sa fitowa sai in an sami matsala. Da aiki ya kankama, matsalolin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, allon ya daina magana. Ruwa ya wadata har aka manta akwai wata kwamfuta a gindin tanki.

Yaya da ƙafarta ta tafi asibiti, ciwon ciki ne kawai. Ta biyo ta gidana, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta ce in hadari ya taso in kwashe mata shanya. Na kwashe, na ninke, na ajiye mata a kan gado. Ba ta dawo ta sa ko ɗaya ba. Inna, tsohuwar da ke ƙarshen layinmu, wadda ke yi wa matan unguwa wankan ƙarshe, ita ta yi mata. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba, sai dai in ce har yau in na ji abin dariya, ita nake fara juyawa in nema.

Injiniya bai yi kukan da mutane suka gani ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma shago, ya rame, ya ƙara shiru a kan shirunsa. Aka yi masa maganar sake aure ya ce to, bai yi ba. Ni nake aika masa abinci, in na je karɓar kwano in tarar ya ci rabi ya rufe sauran da takarda. Tsokanar ma na daina, don shi bai iya ramawa ba, dama Yaya ce ke rama masa.

Aka shekara, aka sake shekara. Unguwa ta cika, gidaje suka gangara har bayan tudu, kwamitin ruwa ya sayo babban inji na uku. Shi wannan da katinsa ya zo, wani ɗan faifai mai wayoyi da ake sokawa cikin kwamfuta don ta iya ba shi umarni. Injiniya ya soka, ya gwada, ya yi. Daga nan fitina ta fara. Wani lokaci a kawo wuta kwamfuta ta tashi lafiya lau, wani lokaci kuma ta maƙale a hanya, injina su yi shiru, sai mai gadi ya ruga ya kira shi. Kafin ya zo ya kashe ya sake kunnawa, sau da yawa wutar ta yi gaba. Famfunan gidaje suka koma tari da huci. Jarkoki da bokitan da aka jefa bayan ɗaki suka sake fitowa.

Kullum amsarsa ɗaya ce, yana bincike. In 'yan kwamiti suka je dubawa sai su tarar da shi ya kwance injin, yana goge haƙoran ƙwaƙwalwar, yana hura ƙura, yana canza waya, su fito suna cewa bawan Allah yana iya ƙoƙarinsa. Wata ya wuce yana bincike, wani ya bi. Mata suka fara magana a layin ɗiban ruwa, wai dama matar ce ke aikin shi ɗan rakiya ne, wai tun da ta rasu kansa ya taɓu. Na yi cacar baki a kan wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har na fasa wa wata bokiti. Ina kare shi a waje, amma in na dawo gida wuya a sanƙare saboda dakon ruwa, ni ma tsine wa binciken nake a zuci. Mutumin da ya tada injinan da aka riga aka yafe, a ce wannan tsohuwar da shi ya haɗa ta da hannunsa ta gagare shi?

Mai gadi ne ya fara sa mini wasu-wasi. Ya tare ni a hanya, ya rage murya, ya ce shi fa aikin nan ya fara isarsa. Wai Injiniya ya lulluɓe allon da tawul, ya hana shi ɗagawa, ya hana shi taɓa maɓallin ko da wuta za ta tafi. Wai in ya je kiransa ba ya ganin ɓacin rai a fuskarsa, sai ma ya shiga ciki ya canza riga kafin ya fito. In sun iso sai ya ce masa ya jira a waje, ya turo ƙofa, a daɗe ba a ji motsin inji ba. Ya rantse mini cewa ya taɓa kasa kunne ya ji shi yana gaisawa da wani a ciki, a hankali, irin gaisuwar mutumin da ya dawo gida. Na yi masa dariya na ce tsufa ke damunsa, amma da na wuce sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ranar da Inna ta rasu, an kawo wuta da safe, ta ɗan jima ta tafi, ko ɗigo bai hau tanki ba. Matar da ta wanke mamatan unguwar nan kaf, aka rasa ruwan da za a wanke ta. Muka bi gida-gida da kofuna da kwanoni muna tatsar gindin duro da bokiti, wannan ta ba da na girkinta, waccan ta juye na gorar 'ya'yanta. Ruwan da muka tara kala-kala ne, sai da aka tace shi da mayafina. Ina riƙe da mayafin ina kallon dattin da ya taru a kai, na tuna yadda Inna ta yi wa Yaya wanka da ruwa mai yawa, mai tsabta, tana yi tana lallashinta kamar tana ji. Raina ya yi ɓacin da bai taɓa yi ba.

A wurin zaman gaisuwa shugaban kwamiti ya faɗa a gaban maza cewa haƙuri ya ƙare, maganar kuma ta iso mana cikin gida kafin a naɗe tabarmi. Za su kira wani kamfani ya kawo akwatinsa sabo, rufaffe, a cire tsohuwar kwamfutar a zubar. Ba wanda ya ce a'a. Injiniya ba ya wurin, daga maƙabarta ya zame.

Washegari da hantsi na ji fanka ta fara juyawa. Na buɗe famfo na jira, ya yi tari ya yi shiru. Na yafa mayafi na nufi gindin tanki da duk maganar da na kwana ina tanadi. Mai gadi yana zaune a waje a kan benci, na wuce shi na tura ƙofar ko sallama ban yi ba.

Ɗakin ƙarami ne, warin man inji da danshi, injinan uku kwance a kan siminti, bututu masu tsatsa sun bi bango sun fice ta rufi. Injiniya yana zaune a kujerar roba mai karyayyen hannu, sanye da farar riga mai guga, tafukansa a kan gwiwa, tawul ɗin a ninke a gefen tebur. Na buɗe baki ke nan idona ya faɗa kan allon. Layukan lambobi ne birjik daga sama, a can ƙasa kuma layi guda shi kaɗai:

“Injiniya, wuri bai isa ba. Kada ka taɓa komai, ina zuwa.”

Ba karanta shi na yi ba, jin sa na yi. Da muryarta, da yadda take jan sunan in tana son yin faɗa dariya kuma na cin ta. Na zauna a kan bututu. A gefen kalmar ƙarshe wata 'yar farar alama tana ƙiftawa, tana ƙiftawa. Na juya na dubi ƙofa, wallahi sai da na dubi ƙofa.

Na tambaye shi tun yaushe ya san abin da ke damun injin. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce tun makon farko.

Ya yi mini bayani yana kallon allon, ba ni ba. Wai lokacin da suke haɗa abin, Yaya ta keɓe wani yanki a tsakiyar ƙwaƙwalwar, ta hana kanel ba wa kowa. Ta ajiye shi ne don wani ma'auni da take son ƙerawa, wanda zai riƙa faɗin yawan ruwan da ke tanki a daina barin yana malala. Ba ta kai ga yi ba. Wurin yana nan fanko, kamar kujerar mota da aka ɗora wa jaka mai ita ya sauka. Da injina biyu ne, sauran wurin yana isar kowa. Katin sabon injin kuwa wuri mai faɗi yake so, a haɗe, ba gutsi-gutsi ba. In ya riga sauran farkawa sai ya samu a gefe guda, a tashi lafiya. In suka riga shi suka barbazu, ga nata a tsakiya ba a taɓawa, sai ya rasa, sai wannan saƙon ya fito. Shi kansa bai san da shi ba, don bai taɓa fitowa ba tana da rai. Ranar da ya fara gani shi kaɗai ne a ɗakin.

Na ce to a ƙara wa injin ƙwaƙwalwa mana, ko a matsar da nata gefe. Ya ce hanyoyin gyara suna da yawa, kuma kafin a tafasa ruwan shayi ya gama kowacce. Amma duk wadda ya bi matsalar za ta kau, in ta kau kuma saƙon ba zai sake fitowa ba. Na ce ya ɗauki hotonsa da waya, ya buga a takarda ya manna a bango in yana so. Ya ce ya ɗauka tuni.

“Hoto ni nake zuwa in duba shi, Auta,” ya ce. “Wannan kuwa ita ke kira na. Ba na sanin ranar. Ina zaune sai a zo a ce in zo.”

Sannan ya ƙara, kamar mai ba da uzuri a gaban alƙali, cewa ai ta ce kada ya taɓa komai. Duk zamansu bai taɓa jin wannan maganar ba, kullum sai ya taɓa, kullum sai ta yi faɗa. Sai yanzu ya iya.

Na tausaya masa har cikin raina, amma bakina bai sami labari ba. Na ce masa jiya da mayafin nan da ke kaina aka tace ruwan wankan Inna. Na ce Yaya ba ta hana idonta barcin safe tana rubutu don matan unguwa su koma dakon jarka ba, kuma da za ta shigo ta ƙofar nan da gaske, shi zai fara neman wurin ɓuya. Na faɗa masa abin da shugaban kwamiti ya yanke, cewa za a cire kwamfutar gaba ɗaya, da saƙon, da wurin da ta ajiye, da duk layin da ta rubuta, a jefa a bola. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Ya miƙa hannu ya kashe ya kunna, wannan karon ta tashi, injina suka ɗauka. Na fito na bar shi cikin ƙararsu.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na faɗi gaskiya, na sani, amma abin ya bi ni gida. Ina tsakar wanke-wanke in ji an kawo wuta, sai in tsaya da kwano a hannu ina sauraro, ban san me nake fata ba, ƙarar injina ko shirunsu. In shiru ne sai in ji kamar tana can gindin tanki tana jira, ni kuma ina nan ina cuɗa tukunya.

Shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wata rana da la'asar. Ya ce in ba na komai in raka shi, ba ya so ya yi shi kaɗai. Da muka isa injina suna aiki, bai taɓa su ba, ya zauna ya jira sai da tanki ya cika ya fara malala, sannan ya kashe. Ya kunna, kwamfuta ta tashi lafiya. Ya kashe ya sake kunnawa, ta sake tashi lafiya. Abin da ya hana unguwa ruwa wata da watanni, ranar da ake nemansa ya ƙi zuwa. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi, na gane tsoronsa kada wuta ta tafi, ko kwamfutar ta ƙi yi masa maganar ƙarshe. Na ce Yaya ke nan, ba a yi mata dole. Ya ɗan murmusa, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Can a wani karon layukan suka gudu, suka gudu, suka tsaya.

Muka zauna a gabanta, shi a kujera ni a kan bututu, rana tana shigowa ta ƙaramar tagar sama. Ban san tsawon zaman ba. Da ya miƙa hannu zai kashe, ni ce na riƙe masa hannun riga, ni da na zo rannan ina tada jijiyar wuya. Na ce ya ɗan dakata. Ya dakata, ya ba ni lokaci, sannan ya yi magana a hankali.

“Auta, in muka biye wa wannan ba za mu tashi ba. Na gwada.”

Na saki rigar. Ya matsa kusa da allon har hasken ya hau fuskarsa.

“Na jira, Malama. Ki yi haƙuri, zan taɓa.”

Ya kashe, ya kunna har ta tashi, ya buɗe inda rubutun yake, ya nuna mini da yatsa. Ɗan gajeren layi ne, lambobi ne kawai, da za ka wuce shi ba ka san wurin wani ba ne. Ban ma ga lokacin da ya goge shi ba. Ya jira injin ya sake haɗa kansa, ya kashe ya kunna. Layukan suka zubo, suka zo daidai inda suka saba tsayawa, na riƙe numfashi, suka wuce kamar ba a taɓa ajiye wa kowa wuri a nan ba. Ya yi ta maimaitawa har rana ta sauka daga tagar, kowane karo wucewa suke yi.

A hanyar gida na tambaye shi ko saƙon ma ya goge. Ya ce a'a, yana nan ciki inda ta sa shi, ba zai fito ba ne kawai sai in wata rana wuri ya sake kasawa. Ya ce kuma ya auna, yanzu wuri ya wadata, ko an ƙaro wasu injinan zai ishe su. Da muryar mai kai labarin rasuwa ya faɗi wannan.

Kwamiti ya fasa kiran kamfani. Shugaban ya yabe shi a gaban jama'a, ya ce dama bincike sai a hankali. Matan da suka ce kansa ya taɓu suka koma aika masa gaisuwa ta bakina, ni kuma ina karɓa ina harararsu. Ba wanda ya san abin da aka yi a ɗakin nan sai ni da shi, mai gadi ma cewa ya yi aljanin ya tashi.

Yanzu Injiniya ya tsufa, ido ya yi rauni, shagon ma sai ya ga dama yake buɗewa. Amma in aka kawo wuta yana kusa, zai ajiye abin da yake yi ya kama hanyar gindin tanki, ko da ya san kafin ya isa ta gama tashi. In ya yi sa'a yana ciki aka kawo, sai ya tsaya gaban allon yana kallon layukan suna wucewa. Ya fi kowa sanin yadda zai sa su tsaya, layi ɗaya zai mayar, ba kuma wanda zai gane. Bai taɓa yi ba. Ni kuwa in na buɗe famfo ruwa ya zubo da ƙarfi nakan ji daɗi, sai kuma kewa ta tokare ni, don na san abin da aka bayar aka same shi.

Jiya na gamu da shi yana dawowa daga can, yana tafe a hankali, hannu a baya. Na tambaye shi labarin kwamfutar. Ya ce lafiya lau, ta tashi, ba ta ce komai ba.